Kuɗin Taƙi Ɗaya a Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Abuja ya san cinikin gidan gaba. Ka iso tasha da sassafe, ɗan kamasho ya karɓi jakarka, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, gaba za ka zauna? In kai kaɗai kake so, kuɗin mutum biyu ne." Kujerar da aka ƙera domin mutum ɗaya an mayar da ita ta mutum biyu, sannan a dawo a sayar maka da ita a matsayin alfarma. Kuma ka biya, har da godiya, domin ka san abin da ke jiran gwiwoyinka in aka cusa ku ku huɗu a baya, ga nisan tafiya ga ramukan hanya.

Wannan ciniki ne ya faɗo mini a rai ranar da na fara zama a ajin da kamfanonin jiragen sama suke kira firimiyam ikonomi. Ni dai ajin tsakiya nake ce masa. Dattawan da suka ga zamanin jirgin ƙasa wataƙila su ce sikinkila, tunda bai kai faskila ba, ya kuma wuce taragon gama-gari. 'Yan layuka ne ƙalilan da ake killacewa da labule tsakanin masu kwanciya a bizines da sauran jama'ar Annabi da ke baya a ikonomi. Ra'ayina a kansa ya daɗe yana kai-komo, amma yanzu ya tsaya wuri ɗaya. Kaya ne mai amfani da ake sayarwa ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Ya dace da wasu jikkunan da wasu tafiye-tafiyen. Kuma shi ne iyakar abin da ya kamata baitulmali ya saya wa jami'in gwamnati, komai girman rawaninsa.

A fara da abin da ake saye, domin tallan ya fi kayan yawa. A ikonomi na dogon zango, tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka inci 31 ce ko 32. A ajin tsakiya galibi inci 38 ce, a jiragen Emirates takan kai 40. Bambancin inci bakwai ke nan, santimita 18, bai ma cika taƙin babban mutum ba. Faɗin kujerar yakan ƙaru da inci ɗaya ko biyu. A jirgin Boeing 777, inda ake jera mutum goma a layi ɗaya a baya, a nan takwas ne: biyu ta dama, huɗu a tsakiya, biyu ta hagu. Kujerar ta fi kishingiɗa, akwai matakin ƙafa, madogarar hannu kuma tana da faɗin da ba sai kun yi kokawar gwiwar hannu da maƙwabcinka ba. Sauran duk ado ne: abinci a tangaran maimakon roba, lemo kafin a tashi, bargo mai ɗan kauri, layin awon kaya na daban. Gado kam babu. A zaune za ka kwana kamar kowa, busasshiyar iskar da kowa ke shaƙa ita za ka shaƙa, kuma a jirage da yawa banɗakinku ɗaya da mutanen baya. Kuɗin kuwa, a iya abin da na saba gani, yakan kama daga ƙarin rabin kuɗin ikonomi zuwa ninkinsa, wani lokaci ya zarce haka.

Da can dariya nake yi wa masu biyan wannan kuɗi. Jirgi ɗaya, lokacin sauka ɗaya, in ma wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, labule ba ya tare komai. Abin da ya sauya mini tunani wani dare ne daga Legas zuwa Landan. Ni dogo ne, shekaruna sun haura hamsin, gwiwar dama ta fara yi mini gardama ko a sujada. Na samu kujera a tsakiyar layin tsakiya, mutum a dama mutum a hagu. Ana kwashe kwanukan abinci sai na gabana ya kwantar da kujerarsa har ƙarshe, kuma ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ya biya. Awa shida na yi da ƙafafu a lanƙwashe kamar ragon da aka ɗaure za a kai kasuwa. Sallar asuba a zaune na yi ta da nuni, ko wurin sunkuyawa babu. Ƙarfe goma na safe ina da zama da mutanen da na yi wata uku ina neman ganinsu. Na je na zauna ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, rabin abin da aka faɗa bai shiga ba. Abin da na yi tsimi a tikiti na zubar da fiye da shi a wannan zama. A dawowa na cije na ƙara kuɗi na shiga tsakiya, na yi barcin awa huɗu, na sauka ina tafiya kamar mutum. Jiki magayi.

Sai dai daɗin bai mantar da ni tambayar da tasha ta koya mini ba: wannan taƙin da aka sayar mini, ina aka samo shi? Wajen rabinsa daga wurina aka ɗauke shi. A shekarun 1970 tazarar kujerun ikonomi takan kai inci 34 ko 35. Lokacin da Boeing 777 ya fara ɗaukar fasinja a 1995, mutum tara ake jerawa a layi. Yau yawancin kamfanoni goma suke jerawa. Da Boeing 787 ya fito a 2011, layin mutum takwas aka riƙa nunawa a tallansa, amma kusan kowa tara ya sa, in ban da Japan Airlines da ya tsaya a takwas a jiragensa na ƙetare. Jirgin bai ƙara faɗi ba, mu ma ba ramewa muka yi ba. Kujerar ce ta matse, hanyar wucewa ta matse, har keken abinci yana bugun kafaɗar wanda ke gefe.

A daidai wannan lokaci gaban jirgin yana ta yin nisa. Bizines na shekarun 1980 kujera ce mai faɗi da ɗan kishingiɗa, kusan irin wadda yau ake kira ajin tsakiya. A shekarar 2000 British Airways ya kawo kujerar da ke miƙewa ta zama gado a bizines, sauran kamfanoni suka bi sahu, kuɗin ya haura inda mai biya daga aljihunsa ba ya iya kaiwa. Gaba ta yi sama, baya ta yi ƙasa, rami ya buɗe a tsakani, kuma ɗan kasuwa ba ya ganin rami ya wuce bai kafa rumfa ba. EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Ingila su suka fara tun 1992. British Airways ya buɗe nasa a shekarar da ya kawo gadon nan, ba kuwa haɗuwar tsautsayi ba ce. Air France ya biyo a 2009, Lufthansa a 2014, Singapore Airlines a 2015, American Airlines a 2016. Emirates, da ya daɗe yana ja da baya don tsoron kada masu bizines su sauko, bai fara sayar da nasa ba sai 2022. Shugabannin Lufthansa sun fito fili sun ce in aka auna da filin da kujera ke cinyewa, babu ajin da ya fi wannan kawo musu kuɗi. Lissafin ba shi da wuya: kujerar tana cin wajen fili ɗaya da rabi na kujerar baya, a sayar da ita kusan ninki biyu, ƙarin ɗawainiyar kuwa tangaran ne da bargo.

Dabarar ma ta girmi jirgin sama. A 1849 wani injiniya Bafaranshe mai suna Jules Dupuit ya yi nazarin jiragen ƙasa na zamaninsa, inda taragon masu ƙaramin ƙarfi ba shi da rufi, bencin katako ne, ruwa ya dake ka rana ta dake ka. Ya ce ba kuɗin rufin ne ya gagari kamfani ba. Manufar ita ce kada wanda ke da halin biyan sikinkila ya yi sha'awar sauka ƙasa. Ana ƙuntata wa talaka ne don a tsorata mai kuɗi. Duk lokacin da aka shigo da mu ta ƙofar gaba, aka ratsa da mu ta gaban gadajen bizines, sannan ta gaban kujerun tsakiya, kafin mu isa inda za mu takure, nakan tuna da mutumin nan. Wannan ratsawa kanta talla ce, kuma a kaina ta yi aiki.

To amma kada mu ɗora wa kamfanoni laifin duka, domin da hannunmu a ciki dumu-dumu. A shekarar 2000 American Airlines ya cire layukan kujeru daga jiragensa domin kowane fasinjan ikonomi ya samu ƙarin wurin miƙe ƙafa, ya yi ta tallan abin. Ba a yi shekara biyar ba ya mayar da kujerun, domin mutane sun yaba amma ba su yarda su biya ko ƙarin 'yan daloli ba. Haka muke. Mu buɗe waya mu jera farashi, mu danna mafi araha, sannan mu shiga jirgi muna tsaki. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kuma gaskiya ita ce wannan matsin shi ya buɗe sararin samaniya ga mutanen da a da ba su isa ba: ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Malesiya, nas ɗin da ta samu aiki a Ingila, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou sarin kaya, alhazan da ake loda sama da 500 a ƙaton jirgi jumbo ɗaya. Kakanninmu da ƙafa suka tafi Makka ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu a can suka zauna har jikokinsu suna nan a Sudan yau. In suka ji jikansu yana kukan inci bakwai a tafiyar awa biyar, ban san irin kallon da za su yi masa ba.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a koma zamanin da kowa ke miƙe ƙafa amma mutum ɗaya cikin dubu ke iya hawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar ƙasan babu iyaka, domin muddin ƙuncin baya shi ke sayar da kujerar tsakiya, kamfani ba shi da dalilin daina matsewa. Majalisar dokokin Amurka ta umarci hukumar jiragen saman ƙasar a 2018 ta tsayar da mafi ƙanƙantar girman kujera. A 2022 hukumar ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum sama da 26,000 suka rubuta. Masu kare haƙƙin fasinja suka je kotu don a tilasta mata, a 2023 kotu ta ƙi. Hujjar hukumar ita ce aikinta tsaro ne, a iya fitar da mutane da sauri in an samu hatsari, jin daɗi ba huruminta ba ne. Ni kuwa ina ganin dattijuwar da ta yi awa goma a takure ba ta iya miƙewa da sauri, saboda haka maganar tsaro ce ita ma.

Wa ya kamata ya saya, ke nan? Abu biyu nake dubawa, tsawon zaman da kuma jikin mai zaman. Daga Kano zuwa Jidda, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba, mai lafiya ya riƙe kuɗinsa, zai yi masa amfani a can. Tafiyar rana ta awa shida zuwa Turai, ka sauka ka je ka kwanta, ita ma ba ta kai ba. Amma tafiyar dare da aiki ke jira da safe, ko awa goma sha biyu daga Legas zuwa Amurka, nan taƙin yakan biya kansa. Kamfanonin ma sun san inda jiki ke gazawa. Jirgin Singapore Airlines da ke tashi daga Singafo zuwa New York ba tsayawa, sama da awa 18 a sama, ba shi da ikonomi ko kujera ɗaya: 67 na bizines, 94 na ajin tsakiya. Sai kuma jiki: dogon mutum, mai ƙiba, mai ciwon baya, mai juna biyu, wanda aka yi wa aiki zai koma gida, da tsofaffi. Ga waɗannan ba na kiran abin almubazzaranci.

Sai dai a yi hattara da masu sayar da tsoro. Za a ce maka zaman ikonomi yana daskarar da jini a jijiyar ƙafa, ka sayi tsakiya ka tsira. Cutar gaskiya ce. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa bayan zaman awa huɗu, ko da yake ko a hakan wajen mutum ɗaya ne cikin 6,000. Amma rashin motsi ne ke kawo ta, ko a jirgi ko a bas ko a jirgin ƙasa. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ce a 2012 ba ta ga hujjar cewa ajin da mutum ya zauna shi ne matsalar ba, abin da ta gani shi ne masu zaman taga sun fi shiga haɗari, saboda nauyin tayar da maƙwabci yakan hana su tashi. Mu kuwa da kunya ta yi mana yawa, mutum ya gwammace ya matse fitsari daga Abuja har Turai da ya ce wa baƙo ya ba shi hanya. Kujerar bakin hanya a ikonomi, da shan ruwa, da tashi a ɗan taka duk bayan awa biyu, sun fi kujerar taga ta ajin tsakiya amfani ga jijiya.

Akwai kuma 'yan tarkuna. Sunayen suna da ruɗarwa, da gangan kuwa. Economy Plus na kamfanin United da Comfort na kamfanin Delta, dukansu na Amurka, kujerar ikonomi ce da aka ƙara wa wurin ƙafa, ainihin ajin tsakiyarsu Premium Plus ne da Premium Select. In tafiyar zango biyu ce, sau da yawa a dogon zangon kaɗai za ka ga kujerar, gajeren a baya za ka yi shi. Ɗakin hutawar manya a filin jirgi galibi ba ya cikin cinikin. Jaka biyu masu kilo 23 da ake yi maka kwaɗayi da su, wasu kamfanonin suna ba fasinjan Najeriya su ko a ikonomi, a duba kafin a biya. Mai tashi daga Ingila kuma harajin fasinja na gwamnatin can yana jiransa: a 2024 fam 88 ne a ikonomi zuwa irin nisan Najeriya, amma da ka matsa aji ɗaya gaba ya koma fam 194, daidai da na mai gado a bizines. Sannan hanyoyin da mutanenmu suka fi bi ba su cika samun wannan aji ba. Jiragen Ethiopian da ke sauka Kano aji biyu ne. Qatar Airways ba shi da shi, tsohon shugabansa Akbar Al Baker ya sha cewa ikonominsu ya wadatar. Turkish Airlines ya gwada a 2010, zuwa 2016 ya cire. Ga ɗan kasuwar da zai bi ta Addis Ababa zuwa Sin, zaɓin da ya rage shi ne ya ƙara ɗan kuɗi ya kama kujerar bakin ƙofar gaggawa, kuma sau da yawa wannan ya isa.

Wanda ba na tausaya wa shi ne mai saye don ganin ido. Na san wanda ya ci bashi ya shiga tsakiya don kawai a ɗauki hoton tangaran da kofin gilashi a ɗora a Instagram, a kece raini. Wannan ajin ma bai dace da fariya ba, domin duk wanda ya san jirgi ya san a zaune ka kwana.

Duk wannan magana ce ta mai kuɗinsa, iya kuɗinka iya shagalinka. Inda abin ya zama na kowa shi ne in tikitin daga baitulmali aka yanke shi. A 2016, zamanin da Kemi Adeosun take ministar kuɗi, gwamnatin tarayya ta hana jami'anta shiga faskila, ta bar wa ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi bizines. A Oktoban 2019 aka sake fitar da sanarwa mai kama da wannan, aka kuma taƙaita yawan fita waje. A Maris ɗin 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku. Yawan maimaita doka alama ce ta cewa ba a bin ta, amma ko an bi ta sau da ƙafa, ina ganin an tsaya a inda bai kamata ba. Hana faskila ba wata sadaukarwa ba ce a zamanin da bizines ya zama gado mai ƙofa, jirage da yawa ma sun daina faskilar kwata-kwata. An hana mutum abin da babu, an bar masa abin da ya maye gurbinsa.

Hujjar da akan kawo ita ce jami'i zai sauka ya wuce taro kai tsaye, dole ya isa da kuzarinsa, kada ya je ya kunyata ƙasa. Ni ne mutum na ƙarshe da zai raina wannan hujja, tunda na ba da labarin gyangyaɗina a Landan. Amma a duba yadda masu kuɗin da muke zuwa roƙo wurinsu suke yi. A Majalisar Ɗinkin Duniya, ma'aikacin da bai kai manyan muƙamai na ƙoli ba ba ya shiga bizines sai tafiyar ta kai awa tara a zango ɗaya, ko goma sha ɗaya in zango ya fi ɗaya. Ƙa'idar ma'aikatan gwamnatin Amurka awa 14 ce. Daga Abuja zuwa Landan ko Paris ko Frankfurt awa shida ne da 'yan kai. Wato jami'in ƙasar da ke ba da bashi yana iya zuwa mana a takure a baya, namu mai zuwa karɓar bashin ya je a kwance. Kuma kuɗin nan dala ce ke fita, ko da naira aka biya. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala ya haura dala miliyan 800, har Emirates ya yi kusan shekara biyu ba ya zuwa. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata, 840,000 a shekara. Ratar da ke tsakanin tikitin bizines da na ajin tsakiya zuwa Landan da dawowa ta fi wannan albashin shekarar, a kan mutum ɗaya, a tafiya ɗaya, kuma tawaga ba ta tafiya da mutum ɗaya.

Ajin tsakiya ya kashe bakin kowa a wannan gardama. Mai cewa zai isa a gajiye an ba shi wurin miƙe ƙafa da yin barci. Mai cewa ana ɓarna an rage masa kuɗin da kusan rabi ko fiye. Da ni ake tambaya, sai in ce duk tafiyar da ba ta kai awa tara ba ma'aikaci ya shiga ikonomi, wadda ta haura a ba shi tsakiya, minista da gwamna da ɗan majalisa kuma tsakiya ce rufinsu ko ina za su. In babu ajin a jirgin, a saya musu kujerar baya mai wurin ƙafa, ko a tura su kwana ɗaya kafin taron su huta a otal, ya fi araha nesa ba kusa ba. Mai larurar rashin lafiya ya kawo takardar likita. Wanda kuma ya ga girmansa ya wuce haka, ba a hana shi ba, ya cika daga aljihunsa kamar yadda nake cikawa. Za a ce martabar ƙasa. Ban taɓa jin an ƙi sa hannu a yarjejeniya don minista ya fito ta bayan labule na biyu ba. Akwai ma wata riba da ba ta shiga lissafi: mutumin da ke zaune taku biyar daga jama'a, yana bin layin banɗaki ɗaya da su, zai ji abin da ake faɗa a kan filin jirgin da ya bari a gida, da na'urar sanyaya ɗakin da ta mutu, da jami'an da ke cewa "a taimaka wa yara" a kowane tebur.

Bara ƙanwata da ke aikin asibiti a Ingila ta haihu, aka ce Hajiyarmu ta je ta ga jika ta kuma yi zaman jego. Shekarunta sun haura saba'in, ga ciwon ƙafa, ga hawan jini, kuma ban da Saudiyya ba ta taɓa fita ba. Ban yi shawara da kowa ba na yankar mata tsakiya, zuwa da dawowa, kujerar bakin hanya. Ta isa lafiya, ta bugo tana yabon 'yan matan jirgin, wai har tawul mai ɗumi aka ba ta ta goge hannu, kuma ta yi barci har da mafarki. Bayan kwana uku ta sake bugowa, murya a sauye. Ashe ƙanwata ta yi suɓutar baki ta faɗa mata kuɗin.

"Kai yanzu don Allah, wannan uban kuɗin ka zuba a kujera? Kujerar da ba da ita zan sauka ba?"

Na ce, "Hajiya, ƙafarki nake ji."

Ta ce, "Ƙafar tawa ta je Arfa ta dawo a cikin mutum dubu. Ka je ka ce su mayar da ni cikin mutane, su ba ka cikon. Yaran marigayi kawunka an koro su daga makaranta tun wancan watan, kai kana nan kana saya mini tawul."

Na ce to. Kuɗin makarantar na biya a satin, daga wani wurin. Tikitin dawowar kuwa ban taɓa shi ba, kuma na roƙi ƙanwata ta kama bakinta har Hajiya ta shiga jirgi.